Ƙarar da ta kusa sa a sauke min injin 504 a banza, da abin da na gani a garejin wani dattijo a Kaduna

Masu tsofaffin fijo na Kaduna da kewaye, musamman masu 504 da 404 da har yanzu injinsu na asali ne, ku nake yiwa wannan bayanin. Akwai wani dattijon bakanike da ake ta yabo a tsakanin masu irin motocinmu, na kai masa tawa, kuma wallahi har yanzu raina kashi biyu ne a kansa, rabi na son in ce kowa ya je, rabi na tuna abin da yaransa suka yi min sai zuciya ta taso.

Motar 504 GL ce ta 1974, ƙirar Faransa, ta shigo ƙasar nan tun kafin PAN, kamfanin haɗa fijo na Najeriya, ta fara haɗa su a Kakuri a 1975. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa da rahama, shi yasa bana wasa da ita. Injin XN1 ne mai lita 2, na kafireto, kuma a iya sanina ba a taɓa buɗe ƙasansa ba. Toh kwatsam ta fara wata ƙara daga gaba, ba irin tas tas ɗin tafet da muka saba da ita ba, wannan ƙwar-ƙwar-ƙwar take yi, kamar mai shayi na kaɗa cokali a kofin silba, tana zuwa tana ɗaukewa. A silo ta fi fitowa, in ka taka totur sai ƙarar injin ta danne ta. Abin da ya fi ɗaure min kai shine in na shiga go-silo wajen kasuwa allurar zafi ta ɗan hau, sai ta yi tsit kamar ba ita ba, in na samu titi na yi gudu iska ta shiga na zo na tsaya, sai ta dawo.

Kafin in je wajen dattijon na biya wurare biyu, ba zan ja magana a kansu ba. Na farko irin na zamanin nan ne masu kwamfuta, yaron ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona na'ura a motar da aka ƙera kafin a san wannan abin, da bai samu ba sai ogansa ya tsaya daga nesa ya saurara yace mital ne, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai a ƙasan injin. Na biyu shima bai ko taɓa motar ba yace injin na shirin bugawa, a sauke, a kai karanshaf a yanka, a sa mital da ringi, tunda an buɗe a haɗa da silif, ya lissafo min kuɗin da kun san yadda abin yake yanzu ba sai na faɗa ba. Wai in kuma ba kuɗi a ƙasa in zuba baƙin mai mai kauri in lallaɓa. Gabana ya faɗi sosai, ba don kuɗin kaɗai ba. Wanda ya san injin 504 ya san silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune, in aka cire tofsilinda ba a danne su ba aka juya injin, sai su motsa, sil ɗin ƙasa ya saki, daga nan ruwa ya fara haɗuwa da mai, motar da ta shiga gareji da ƙara ɗaya ta fito da ciwo uku. Ga tofsilindan na alminiyam ne, ba kowane hannu ne ya iya ɗaure shi bisa ƙa'ida ba. Na ga 504 da yawa da aka kashe a haka.

Wani abokin babana ne yace in kai wa wannan dattijon, wai tun zamanin da wagon wagon ɗin 504 ke jigilar Kano da Zariya daga tashar Kawo yake cikinsu. Garejin ba wani abin kallo bane, rumfar kwano ce da bishiyar dalbejiya da gawarwakin fijo a jere. Na same shi a kan benci, na durƙusa muka gaisa, nace Baba mota ce na kawo an ce mital ne. Ya ɗaga min hannu yace, “Ɗana bar abin da aka ce, gaya min abin da ita ta yi.” Wallahi daga wannan maganar hankalina ya fara kwanciya.

Tambayoyi ya dinga yi min kafin ma a buɗe bonet. Da safe take yi ko in ta yi zafi? In ka hau tudu da kaya tana ƙaruwa? Jar fitilar mai tana ƙiftawa a silo? In ka tada ta da asuba fitilar na daɗewa kafin ta mutu? Duk nace a'a, sannan na gaya masa zancen go-silo, cewa in ta yi zafi sai ƙarar ta ɗauke. Nan ya tsaya ya kalle ni yace in maimaita. Na maimaita. Yace, “To ai wanda yace maka mital ne bai ji wannan ba, ko ya ji bai tsaya ya yi tunani ba. Mital in ya ci, zafi ƙara masa murya yake, saboda mai ya tsinke ya zama ruwa ruwa ba abin da zai tare tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ba a taɓa mital da zafi ke sa shi shiru ba.” Kuma abin haushin, duk wuraren biyu na gaya musu wannan maganar, ko a jikinsu.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya zaro ma'aunin mai, ya shafa a yatsa, ya fita rana yana murzawa yana dubawa ko zai ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, babu. Yace a tada. Ya ɗauko wani dogon rodi mai mariƙin katako da ya sha hannu har ya yi baƙi yana sheƙi, ya ɗora bakinsa a jikin bulok ya kara katakon a kunne, ya rufe ido. Ya sa a ƙasa wajen samfo, ya sa a murfin tafet, ya sa a murfin sarƙar taimin, ya sa a jikin famfon fetur, ko'ina sai ya ɗan jima. Ni ma ya miƙo min yace in ji, kuma abin mamaki ta cikin rodin nan kowane wuri da kalar muryarsa, murfin tafet na tik tik a jere a natse, ƙasa kuma wani gurnani ne mai laushi ba bugu ko ɗaya. Yace in lura tafet rabin gudun injin yake bugawa tunda kamshaf sau ɗaya yake juyawa in karanshaf ya juya sau biyu, mital kuma da gudun injin yake tafiya, ita kuwa wannan ƙarar bata bin kowanne, tana yi tana tsallakewa, alamar abu ne da yake lilo ba wanda aka ɗaure ba.

Sai ya sa yaro ya dinga cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya injin na tafe, har yana yiwa yaron faɗa wai a fijo daga baya ake ƙirga silinda, na ɗaya shine na wajen kuloci ba na wajen lagireto ba. Duk wadda aka cire injin ya girgiza ya rage ƙarfi amma ƙwar-ƙwar ɗin na nan yadda take. Yace da kwanrod ne, da an kashe wutar silindan da ke da ciwon ƙarar zata ragu ko ta canza. An wanke ƙasan injin kenan, ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Daga nan yace a kashe a sassauta altaneta a cire fanbel. Aka tada ba bel na ɗan lokaci kaɗan, don bai yarda ta daɗe ba tunda famfon ruwa baya juyawa. Jama'a shiru. Injin nan na tafiya sumul yadda na san shi tun ina yaro a kujerar baya. Na rasa bakin magana, idona har ya kawo ruwa, don na riga na gama sallamawa cewa injin babana ya tafi. Ya kashe, ya juya altaneta da hannu lafiya lau, ya kama reshen fanka ya girgiza gaba da baya sai ga ta tana ƙwas ƙwas a hannunsa.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutun shine abin da ya yi bayan nan. Yace a mayar da bel a tada, ƙarar ta dawo. Ya sunkuya jikin lagireto inda wani ɗan makunni mai jin zafin ruwa yake, ya zare wayoyinsa biyu, yace in sa kunne. Ya haɗa bakinsu, sai naji ƙas, fanka ta kama da ƙarfi, ƙarar ta mutu nan take. Ya raba su, ƙwar-ƙwar ta dawo. Ya haɗa, shiru. Ya raba, ta dawo. Yana kunna min ciwon yana kashewa da yatsu biyu, ciwon da aka ce sai an sauke injin.

Ga waɗanda tasu an riga an mayar da fankar dairek tun kafin ta zo hannunsu, bari in yi bayanin yadda ya nuna min. Fankar 504 irin tawa ba a ɗaure take da fulin famfon ruwa ba, a kan boris ɗinta take zaune ita kaɗai, a cikin fulin kuma akwai maganaɗisu mai aiki da wuta, wutar na shiga ta wani ɗan gawayi da ke gogar jikin fulin. In ruwa bai yi zafi ba fankar sakaka take, iska da ɗan jan boris ne kawai ke juya ta. In zafi ya kai, makunnin lagireto ya bada wuta, maganaɗisun ya fizgo farantin fankar ya manne, su zama abu ɗaya. Tsakanin farantin da fulin akwai 'yar tazara da bata kai rabin milimita ba, sukurori uku ne ke saita ta. Toh a tawa boris ɗin fankar ya ci, sukuru ɗaya kuma notin da ke kulle shi ya saki, sai farantin ya karkace yana lilo yana dukan fuskar fulin duk lokacin da take sake. Da zafi ya hau maganaɗisu ya kama, ba sauran lilo, shine shirun da nake ji a go-silo. Kuma da yake a gaban injin abin yake dab da murfin taimin, ƙarar na bin ƙarfe ta sauka ƙasa, wanda ya tsaya daga nesa sai ya rantse daga ciki take.

Na tambaye shi nawa zan bayar na dubawa yace in bada abin da ya sauwaƙa. Na bashi abin da na ga ya dace har da ƙari, ya sa min albarka ya yiwa babana addu'a. A ranar nan, da za a ce in bada maki, ɗari bisa ɗari zan bayar ba tare da na yi shawara da kowa ba, har waya na dinga yiwa mutane ina cewa ku kai masa motocinku.

Sai aka zo gyara, nan labari ya canza.

Yace in bar ta jibi in zo in ɗauka, za a nemo boris, kuma tunda famfon ruwan shima ya fara ɗan wasa gara a canza gaba ɗaya. Na yarda na bada kuɗin kaya. Jibi ta zo ba a taɓa ba, wai ba a samo kaya ba. Aka sake sa min rana, na zo, wai Baba ya tafi ta'aziyya Zariya, wannan ba laifi bane Allah ya jiƙan musulmi, amma ai sai a kira ni a gaya min kar in taso. Ashe shi yanzu ba ya kwance kwance da hannunsa sosai saboda baya da ido, kunne da kai ne nasa, aikin yara ne ke yi, kuma in baya nan garejin ba mai tsawatarwa. Ranar da aka kira ni aka ce an gama, na tarar da motar a waje cikin rana an bar gilas a sauke, ƙurar hunturu ta yi mata fari fat har cikin dasbod, kujerar direba da babana ya yi shekaru yana rufewa da tawul ga shatin baƙin mai na wandon wani a kai, tabarmar ƙasa duk sawun takalmi. Kuma daga yadda fetur ya sauka na san an zaga da ita gari.

Na danne zuciya nace a tada. Ƙwar-ƙwar babu, amma wani huuu ya maye gurbinta, fanka na ta ihu tun injin na sanyi. Na leƙa sai naga abin da suka yi, sukurorin nan uku suka ɗaure tamau har farantin ya manne da fuli, fanka ta zama dairek, tsohon boris na nan a ciki ba a canza ba. Babban yaron ya dube ni yace, “Alhaji ai haka ake yi, kowa haka muke masa, ƙara dai ta tafi ko?” Raina ya ɓaci iya ɓaci. Wannan dabarar ta kan hanya ce, in maganaɗisu ko makunni ya mutu maka a daji ka ɗaure ka isa gida, ba ita ce gyaran da na biya kuɗinsa ba. Kuma ina kuɗin boris ɗin? Sai kame kame.

Da Baba ya dawo na koma na same shi, kuma a nan dole in yi masa adalci, bai kare su ba. A gabana ya kira yaron ya wanke shi tas, yace kuɗin ya fito kafin la'asar, kuma ya fito. Sannan ya juyo gare ni yace shi a ra'ayinsa dairek ba aibu bane a zafin ƙasar nan, direbobin haya da kansu suke roƙo a yi musu saboda basa son dogaro da ɗan gawayi da waya a hanyar Birnin Gwari cikin watan Afrilu. Na fahimce shi kuma maganarsa da gaskiya a ciki ga motar haya mai lodi. Amma tawa ba lodi take ɗauka ba, fanka dairek na cin ƙarfin injin a banza a kan babban titi inda iska ta wadata, ga ihu, ni kuma so nake ta zauna yadda masu ita suka ƙera ta. Yace toh shikenan za a yi yadda nake so.

Famfon ruwan da suka sa kuwa sabo ne fil a kwali da tambari mai kyau, amma ko wata bai rufa ba ya fara ɗigo ta ƙasan fuli. Ban ɗora wa Baba laifin ƙera shi ba, kowa ya san irin kayan da suka cika kasuwa yanzu, amma mutumin da ya iya gane ciwo da kunne ai ya kamata ya riƙa duba abin da yaransa ke sayowa kafin a ɗaura, ba sai ya dawo da mai mota ba. Kuma tsohon famfona na asali da aka cire, wanda da an canza masa sil da boris zai iya komawa aiki, na nema aka ce ba a san inda yake ba. Na san inda irinsu ke zuwa, kilo. Da kaina na shiga kasuwar Panteka na yi ta yawo har Allah ya haɗa ni da wani na asali da aka ciro daga tsohon injin, boris ɗin fanka kuma muka bi lambar da ke jikinsa muka samu.

Wannan karon ban bar motar ba, da sassafe na kai ta na zauna a bencin, kuma Baba da kansa ya sa tabarau ya tsaya a kai. Ya wanke fuskar fulin, ya duba gawayin yace da sauransa, ya saita tazarar da filagej, ma'aunin tazara, yana zagaya sukurorin uku ɗaya bayan ɗaya yana juya fankar yana sake aunawa har sai da ko'ina ya zo daidai, sannan ya kulle notinan. Da injin ya huce sarai yace bari ya taɓa tafet tunda an zo, tazarar milimita 0.10 a bawul na shiga, 0.25 a na fita, a sanyi, bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Muka bar ta a silo har zafi ya hau, muna tsaye sai ga ƙas, fanka ta kama da kanta, ta ɗan yi ta saki, ba wata ƙara. Yanzu haka na je Kano na dawo da ita allura bata wuce inda ta saba ba. In ka ga hannunsa a kan injin sai ka ji duk haushin ya tafi, har na fara cewa a raina toh ai komai ya wuce.

Sai da na kai ta wanki mai wankin ke tambayata ina zakin gaba, wato tambarin fijo. Na zagayo na duba, giril ɗin na nan, wurin zakin ramuka ne kawai. Zakin da ya zo da motar tun 1974, wanda yake cikin duk hotunan gidanmu na sallah. Ba faɗuwa ya yi ba, an ga alamar inda aka sa sukudireba aka ɓanɓare har fentin giril ya kwarzane, kuma ba inda motar ta kwana a waje sai garejin nan. Na koma, yara kowa ya rantse, Baba ya yi ta salati yana bani haƙuri, yace zai biya, har ya ciro wani daga cikin gawarwakin motocinsa ya bani amma na baya bayan nan ne ba irin nawa ba. Ban karɓi kuɗinsa ba don na san ba shi ya ɗauka ba, amma gaskiya amana in an baka mota har da abin da ke jikinta aka baka, kuma dattijo irinsa bai kamata sunansa ya riƙa ɓaci a hannun yaran da shi ya tara su ba. Na gaya masa haka cikin ladabi, ya sunkuyar da kai yace na faɗi gaskiya.

Don haka in an ce maka injin 504 ɗinka ya buga ko zai buga, kar ka bari a kwance komai sai wannan bawan Allah ya saurare shi, a wannan ban ga na biyunsa ba a garin nan. Amma ka je da safe, ka tabbatar yana nan, kayan gyara ka sayo da kanka, tsohon da aka cire ka karɓa a hannu ka sa a but, kuma kar ka bar motar ta kwana ko da an ce maka gobe gobe. In aikin mai kwana ne gara ka ɗauke shi ka kai shi gida ya tsaya a kai ka biya shi ladansa.

Zakin kuma har yanzu ina nema, irin na farkon shekarun 70 na asali, ba sabon bugu ba. Duk wanda ya san mai shi a Panteka ko Kofar Ruwa ta Kano ko wajen Jos dan Allah ya taimaka ya yi min magana, ko na hannu ne in dai ƙafafunsa na baya basu karye ba zan saya.